Karen kiwo da ya rasa gida: riƙonsa da karɓarsa

Darasinmu na wannan fitowa a kan karen kiwo yake, wanda ya rabu da ubangidansa, yana neman wani gida. A Ingila, Faransa da Amurka akwai hanyar da ake bi kafin irin wannan kare ya shiga sabon hannu. Za mu ga yadda suke yi. Bayan haka za mu ga abin da ya kamata makiyayin ƙasarmu ya yi idan baƙon kare ya zo hannunsa. Maganar tana da nauyi, gama kare guda yana iya tsare garke, yana kuma iya kawo ajalin yaro. Abin da ya raba biyun shi ne sanin tarihinsa, da lafiyarsa, da halinsa.

1. Karen kiwo iri biyu ne

Akwai karen kora, akwai kuma karen gadi.

Karen kora shi ne mai tattara dabbobi. Makiyayi yana tsaye daga nesa, yana yi masa fito ko kira. Kare ya zagaya bayan tumaki, ya haɗa su wuri ɗaya, ya koro su inda ake so. Wanda ya fi suna a wannan aiki shi ne boda-koli. Asalinsa daga kan iyakar Ingila da Sikotilan ne, ƙasar duwatsu da tumaki. Yana sunkuyar da kai, ya ƙura wa tumaki ido, su bi inda yake so ba tare da ya cije su ba. An yi wata gasar karnukan tumaki da ta yi suna a garin Bala na yankin Wels a shekarar 1873. A shekarar 1893 aka haifi wani kare mai suna Old Hemp, wanda yawancin boda-koli na yau jikokinsa ne. A Ostareliya kuma akwai karen shanu, wanda yake kora ta hanyar ɗan cizon dunduniyar saniya.

Karen gadi ba ya kora. Yana zaune cikin garke dare da rana, yana hana ɓarawo da naman dawa. Irinsa ne babban farin kare na duwatsun Firene a Faransa, da kangal na ƙasar Turkiyya. Karnukan makiyayanmu ma yawancinsu na gadi ne. Siririn karen nan mai dogayen ƙafafu na yankin Azawak, arewa da Tawa, yana tsaron zango da dabbobi, yana kuma farauta. Har Turai an san shi da sunan yankinsa, tun da aka fara kai shi can a shekarun 1970.

Malamai sun bayyana cewa addinin Musulunci ya halatta ajiye kare domin kiwo, domin gona da domin farauta. Wanda ya ajiye shi kuwa, haƙƙin ci da sha da lafiyarsa yana wuyansa.

2. Me yake raba karen kiwo da gidansa?

A ƙasashen Turawa dalilan suna da yawa. Wani manomi ya tsufa, ya sayar da tumakinsa. Wani ya rasu, magada ba su son kiwo. Wani kare an gwada shi da tumaki, aka ga yana tsoronsu, ko yana cizonsu. Wani kuma ya tsufa, ko ya kurumce, ba ya jin fito.

Amma akwai wani babban dalili. Mutanen birni suna sayen kwikwiyon boda-koli saboda kyaunsa da basirarsa. Sai su ajiye shi cikin ɗaki, su tafi wurin aiki tun safe har yamma. Karen da aka halitta da ƙarfin yin gudu yini guda, ga shi a kulle, babu aikin yi. Sai ya nema wa kansa aiki. Ya bi mota da keke yana son tare su. Ya zagaye yara yana cizon dunduniyarsu, kamar yadda zai yi wa shanu. Ya yayyage kayan ɗaki, ya dami maƙwabta da haushi. Daga nan sai masu shi su ce ya gagare su. A shekarar 2020, lokacin da cutar korona ta tsare mutane a gida, an sayi ƴan kwikwiyo da yawa a Ingila. Da aka koma aiki, wasu suka kasa riƙe su.

Abin lura a nan: ba muguntar kare ce ta fitar da shi ba. An sa shi ne a wurin da bai dace da halittarsa ba.

3. Mene ne gidan riƙo?

Ceton karnuka tsohon aiki ne a Turai. A Faransa an kafa ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta SPA a shekarar 1845. A birnin Landan, wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan ɓatattun karnuka a shekarar 1860, wanda yau ake kira Battersea. Daga baya aka sami ƙungiyoyin da ba su kula da kowane kare sai na kiwo, kamar Border Collie Trust a Ingila.

Babban gidan ceto yana da ɗakunan ƙarfe a jere, da haushi ba dare ba rana. Karen kiwo yana da saurin firgita. A irin wannan wuri sai ya rikice, ya riƙa zagaye cikin ɗaki, ko ya laɓe a lungu. Mai dubawa ba zai gane ainihin halinsa ba. Saboda haka ƙungiyoyi da yawa suke ba da kare riƙo.

Mu Hausawa mun san riƙo. Yaro yakan zauna wurin gwaggonsa ko kawunsa, su ci da shi, su yi masa tarbiyya. Haka gidan riƙon kare yake, sai dai na ɗan lokaci ne. Wani mutum ya karɓi kare cikin gidansa, makonni ko watanni, ba domin a biya shi ba. Yawanci ƙungiya ce take biyan kuɗin magani. Shi mai riƙo aikinsa huɗu ne:

Na ɗaya, ya kai kare wurin likitan dabbobi. A duba shi, a yi masa allurar rigakafi, a ba shi maganin tsutsar ciki, da na kaska da ƙuma. Sau da yawa akan yi masa fiɗiya, domin kada ya ƙara yawan karnuka marasa gida.

Na biyu, ya tabbatar kare yana da alamar shaida. Wani ɗan ƙanƙanin abu ne kamar ƙwayar shinkafa, mai ɗauke da lamba, wanda ake sawa ƙarƙashin fatar wuya. Da wannan lamba ake gane mai kare. A Ingila doka ta tilasta shi tun shekarar 2016.

Na uku, ya lura da hali. Yaya yake yi da yara? Yaya yake yi da kyanwa, da kaji, da sauran karnuka? Yana gurnani idan an kusanci abincinsa? Yana tsoron maza, ko sanda, ko tsawa? Idan ya ga tumaki, tattara su yake so ya yi, ko kuwa kama su?

Na huɗu, ya koya masa abubuwan farko: ya san sunansa, ya zo idan an kira shi, ya tsaya idan an ce ya tsaya. Karen da ya kurumce ana koya masa da alamar hannu, kuma yana koyo.

Duk abin da mai riƙo ya gani yana faɗa wa ƙungiya, mai daɗi da marar daɗi. Wannan shaida ita ce amfanin riƙo. Gani ya kori ji.

4. Yadda ake karɓar kare daga gidan riƙo

Mai son kare ba ya zuwa ya nuna da yatsa, ya biya, ya tafi. Da farko yana cika takarda. Ana tambayarsa girman gidansa, da shekarun yaransa, da dabbobin da yake da su, da awa nawa kare zai yi shi kaɗai a yini. Sannan wakilin ƙungiya yakan zo ya duba gida, ya ga ko shinge yana da kyau. Bayan haka mai nema ya je gidan riƙo, ya ga kare, ya yi tambayoyi. Idan yana da wani kare, ya zo da shi a gani ko za su zauna lafiya.

Ƙungiya tana neman dacewa. Kare mai son aiki a kai shi gona. Wanda yake tsoron tumaki a kai shi gidan masu son yawo da motsa jiki. Wanda yake farautar tumaki ba a kai shi kusa da garke, gama a Ingila doka ta yarda manomi ya harbe karen da ya faɗa wa tumakinsa, idan babu wata hanyar tsayar da shi.

Idan an daidaita, sabon ubangida ya biya wani kuɗi na taimakon ƙungiya, ya sa hannu a takardar alkawari. A cikin irin wannan takarda yawanci akwai sharaɗi mai muhimmanci: idan riƙo ya gagare shi, ba zai sayar da kare ba, ba zai yar da shi ba. Zai mayar da shi wurin ƙungiya.

5. Kwana uku, mako uku, wata uku

Masu ceton karnuka a Amurka suna koya wa mutane wani ma'auni mai sauƙin riƙewa. Ba doka ba ce, kimantawa ce.

Kwana uku na farko, kare yana cikin tsoro. Yana iya ƙin abinci, yana iya neman gudu. A bar shi ya huta a wuri mai natsuwa. Kada a tara masa mutane.

Mako uku na farko, yana koyon tsarin gida: lokacin ci, wurin kwana, muryar ubangida. A nan ne halinsa na gaskiya yake fara fitowa.

Bayan wata uku, yawanci ya saba, ya ɗauki gidan nasa ne. Wani yakan ɗauki lokacin da ya fi haka. Sannu ba ta hana zuwa.

6. Idan baƙon kare ya zo hannunka

A karkararmu kare yana canza gida ba tare da ƙungiya ko takarda ba. Makiyayi ya tashi da garkensa, kare ya ɓace a hanya. Fari ya cinye dabbobi, mai su ya koma gari, ya bar kare. Wani ya tafi cin rani, ya bar nasa wurin ɗan uwa. Wani lokaci kuma da safe kawai za ka ga baƙon kare a bakin rijiya, ko kusa da garkenka.

A nan akwai bambanci babba tsakaninmu da Ingila. Su sun kawar da ciwon haukan kare daga karnukan ƙasarsu tun shekarar 1922. Shekaru masu yawa, duk karen da aka shigo da shi daga waje sai ya yi wata 6 a killace. A shekarar 2000 aka fara sassauta wannan doka ga karnukan da aka yi wa allura. Mu kuwa ciwon yana nan a ƙasashenmu. Saboda haka aikin mai riƙo, da na likita, da na ƙungiya, duk a kanka yake. Ga matakai:

Idan ka san mai karen, ka tambaye shi. Shekarunsa nawa? An taɓa yi masa allurar haukan kare? Yaushe, kuma ina takarda? Ya taɓa cizon mutum? Ya taɓa kashe ɗan akuya ko kaza? Wani baƙon kare ko dila ya cije shi a watannin nan? Wanda ya ba da kare ya ɓoye aibinsa ya ci amana.

Idan ba ka san inda ya fito ba, hatsarin ya fi girma. Kada ka kama shi da hannu. Kada yara su matsa kusa da shi. Idan yana da raunin cizo a jikinsa, ko alamar ciwo, kada ka karɓe shi. Ka sanar da mai gari da ma'aikacin kiwo.

Idan ka yanke shawarar riƙe shi, ka keɓe shi. Ka yi masa turke a inuwa, cikin shinge, nesa da yara da dabbobi. Babban mutum guda ya riƙa ba shi abinci da ruwa. Ka nemi ma'aikacin kiwo ya duba shi, ya yi masa allura, ya faɗa maka tsawon lokacin da zai yi a keɓe.

7. Ciwon haukan kare

Ƙwayar wannan ciwo tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Tana shiga jiki ta cizo, ko yaƙushi, ko lasar rauni. Daga nan ta bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa. A jikin mutum yawanci tana yin wata 2 zuwa 3 kafin alama ta fito. Wani lokaci mako guda ne, wani lokaci har shekara. Idan alama ta fito, kusan kowa mutuwa yake yi. Amma kafin ta fito, allura tana ceton rai. Wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, shi ya fara ceton yaro da wannan allura a shekarar 1885.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kimanta cewa ciwon yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Kusan dukansu daga kare suka samo shi. Cikin mutum 10 da suka mutu, wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba.

Alamominsa a jikin kare: hali ya sake farat ɗaya, ya riƙa cizon itace da dutse, yawu yana zuba, murya ta dushe, muƙamuƙi ya saki, ƙafafun baya su mutu. A kula: ba kowane mahaukacin kare ne yake faɗa ba. Wani shiru yake yi, ya lafe kamar mai neman tausayi. Shanu, jakuna da raƙuma ma suna kamuwa. Kada ka sa hannu cikin bakin saniyar da take zubar da yawu, kana zaton wani abu ya maƙale mata.

Idan kare ya ciji mutum:
A wanke raunin nan take da ruwa mai yawa da sabulu, har minti 15.
Kada a sa toka, ko barkono, ko ƙasa. Kada a ɗaure raunin da ƙarfi.
A tafi likita a ranar. Kada a jira.
A kammala dukan alluran da likita ya rubuta.
Idan za a iya tsare karen ba tare da hatsari ba, a tsare shi kwana 10, ana dubawa.

Ga ma'anar kwana 10. Idan kare ya cika su yana da lafiya, to a ranar da ya yi cizon babu ƙwayar a yawunsa. Wannan ba ya nuna cewa baƙon kare ba ya ɗauke da ciwon a ɓoye. Shi ya sa keɓewar karen da ba a san tarihinsa ba take wuce kwana 10 nesa.

Ana yi wa kwikwiyo allura idan ya kai wata 3, sannan a riƙa sabuntawa yadda ma'aikacin kiwo ya faɗa. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa karnuka 70 cikin 100 allura a yanki, ciwon yana daina yaɗuwa. Ranar 28 ga Satumba ce ranar tunatar da duniya wannan ciwo. Rigakafi ya fi magani.

8. Tsutsar da take yawo tsakanin kare da garke

Wani lokaci mahauci yakan ga ƙululu mai ruwa a hanta ko huhun tunkiya, ya yanke, ya jefa wa kare. Wannan kuskure ne. Cikin ƙululun akwai ƴaƴan wata ƙaramar tsila. Tana girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita cikin kashinsa, ya zauna a ciyawa da ruwa. Tunkiya, saniya ko raƙumi su ci, su kamu. Mutum ma yana kamuwa ta hannu marar tsabta. Ƙululun ya yi shekaru yana girma a hantarsa ko huhunsa, har sai an yi masa aiki a asibiti. Akwai wata tsilar kare kuma da take zuwa ƙwaƙwalwar tunkiya, ta sa ta riƙa juyawa wuri ɗaya har ta mutu.

Maganin abin: kada a ba kare ɗanyen kayan ciki ko kan dabbar da ta mutu. A ƙone su, ko a binne da zurfi. A ba kare maganin tsila mai suna farazikwantel, bisa nauyinsa, yadda ma'aikacin kiwo ya nuna. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa kare, da kuma kafin cin abinci.

Gargaɗi: kada ka ba kare maganin shanu da ka. Maganin ibamektin da ake yi wa shanu yana da ƙarfi. Idan ya yi yawa yana iya kashe kare, kuma wasu karnukan kora na Turai sun fi saura rauni a kansa.

9. Sabar da shi da garke

Karen gadi nagari yana tashi cikin dabbobi tun yana kwikwiyo, har ya ɗauke su danginsa. A ƙasar Namibiya, tun shekarar 1994, ana ba makiyaya ƴan kwikwiyon karen Turkiyya domin su tashi tare da awaki, su tsare su daga namun dawa. Babban kare da bai tashi da dabbobi ba ya fi wuyar sabo, kuma wani ba ya sabawa ko kaɗan.

Bayan ya gama keɓewa, ka riƙa fita da shi da igiya. Ku tsaya nesa da garke, ka duba. Idan ya natsu, ka yaba masa, ku ƙara matsawa gobe. Idan ya yi kwanto, ya zabura domin kamu, ka tsawata masa, ku ja baya. Ka fara da manyan dabbobi. Kada ka bar shi shi kaɗai da jariran tumaki ko awaki sai bayan watanni, ka tabbatar da halinsa.

Ka ba shi abinci kullum a wuri ɗaya: sauran tuwo, fura, nono, da dafaffen nama idan an samu. Ka aje masa ruwa da inuwa. Karen da yunwa ta dama shi ne yake kama kaji da ƴan awaki. Duka ba ya koyar da kare, tsoro yake ƙara masa, kuma matsoracin kare shi ne mai cizo. Idan ka ga bai dace da garke ba, kada ka kore shi cikin dawa. Ka nemi wanda zai yi masa gadin gida ko garka, ka faɗa masa gaskiyar halinsa.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Mene ne bambancin karen kora da karen gadi?
2. Faɗi ayyuka huɗu na mai riƙon kare.
3. Waɗanne tambayoyi za ka yi wa wanda zai ba ka karensa?
4. Minti nawa ake wanke cizon kare, kuma da me?
5. Don me ba a ba kare ɗanyar hanta mai ƙululu?
6. Lissafi: wani gari yana da karnuka 60. Ana son a yi wa 70 cikin 100 allura. Karnuka nawa ke nan?

Aikin gida: ku ƙidaya karnukan garinku, ku rubuta nawa ne aka yi wa allura. Ku kai lissafin wurin mai gari da ma'aikacin kiwo, ku nemi a sa ranar allura. Allah ya tsare mu, da iyalinmu, da dabbobinmu. Amin.